Alƙawarin Marubuci: Bashi Ne Ko Fatan Baki?



Ana saura kwana 9 a kama azumin da ya wuce, na dawo daga kasuwa bayan la'asar, sai na tarar da 'yar ƙanwata tana jirana a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaishe ni, muka taɓa hira, amma na lura bakinta da magana. Na ce, "Ke, lafiya dai ko?" Ta ce, "Kawu, fatawa na zo nema, amma don Allah kada ka yi mini dariya."

Ga abin da ya kawo ta. Tana rubuta littafin labari a waya, irin wanda mata ke bi a WhatsApp. Ta saki shafukan farko kyauta, da labarin ya kama mutane sai ta ce mai son ci gaba ta biya N500. Mata 140 suka biya, wasu a nan Kujama, wasu a Kaduna, wasu har Kafanchan da Kano. Kuɗi ya kama N70,000. Ta yi musu alƙawari da bakinta cewa za ta kai ƙarshen labarin kafin a ga watan Ramadan, don ta san da an shiga azumi kowa ajiye irin wannan karatu yake yi. To ga azumi ya ƙarato, labari bai kai ko kashi biyu cikin uku ba, kuɗin kuwa tuni ta haɗa da na adashinta ta sayi keken ɗinki. Ta ce, "Kawu, wallahi ba da gangan ba ne, labarin ne ya ƙi tafiya. In na zauna sai kaina ya toshe. Ina da zunubi?"

Ba zan ɓoye muku ba, dariyar da ta roƙe ni kada in yi ita ce ta fara taso mini. Mu da aka saba kawo mana maganar gado da saki da rikicin iyakar gona, yau ga fatawar tatsuniya. Amma da na ji adadin kuɗin da adadin mutanen, sai dariyar ta koma ciki. Mutum 140 ne suka cire kuɗi daga abin cefanensu suka ba ta bisa wata magana da ta faɗa. Ko me aka saya da kuɗin, haƙƙin mutane ya shigo.

Kafin wani ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, Liman, ai shi ƙagaggen labari ƙarya ne tun asali, me ya kai ka: ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba don ya ɗauka haka yake. Wadda ta sayi littafin labari ta san ƙirƙira ce ta saya. Abin dubawa shi ne me ke cikin labarin, tarbiyya ko ɓarna, kuma wannan zance ne na wata rana. Na karanta abin da yarinyar nan ta rubuta, labarin wata marainiya ce da riƙon kishiyar uwa, ban ga abin kunya a ciki ba.

Ni ɗan kasuwa ne, don haka da idon kasuwa na fara kallon maganar. Duk wanda ya yi karatun Risala ya wuce ta babin ciniki ya san abin da ake kira salam: ka biya kuɗi yanzu, a kawo maka kaya daga baya. Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yin haka da dabino, bai hana su ba, sai dai ya gindaya musu cewa a san awo, a san nauyi, a san ranar kawowa. Mu ma a nan haka muke yi da maƙwabtanmu Gbagyi da sauran manoman wannan yanki. Ka ba mutum kuɗi da damina, ya ce da kaka zai kawo maka buhu kaza na masara. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan bashi mai wa'adi ta sauka: a rubuta, a kafa shaidu. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi bayani cewa ko alƙawarin kyauta ne, idan ka sa mutum ya shiga wata ɗawainiya saboda maganarka, to cikawa ta zama dole a kanka. Ina ga wanda ya karɓi kuɗi a hannu?

Saboda haka amsar farko ba ta da wuya. Na ce mata, "'Yata, bashi ne a kanki. Ba fatan baki kika yi musu ba."

Sai dai bashi daban, zunubi daban, kuma a nan ne maganar ta fara nauyi. Kowa a wannan yanki ya tuna abin da ya sami citta a 2023. Cuta ta shiga gonaki daga Kachia har zuwa Kafanchan, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Akwai manoman da suka karɓi kuɗin 'yan kasuwa tun kafin shuka, suka yi noma, suka sa taki, suka yi duk abin da ake yi, kaka ta zo ba su da abin kawowa. Bashi yana kansu, amma wane mai imani ne zai ce sun yi zunubi? Allah ma cewa Ya yi a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. A gefe guda kuma ga telan da zai karɓi ɗinkin mutum 60 ana saura sati biyu sallah, alhali ya san ƙarfinsa na 30 ne, ya ce wa kowa "ranar jajibere ka zo ka karɓa." Shi ma bai cika ba, manomin ma bai cika ba. Amma ɗaya ƙaddara ce ta faɗa masa, ɗayan tun ranar da ya buɗe baki ya san ƙarya yake yi.

To marubucin da labari ya tsaya masa, manomin citta ne ko tela?

Na juya wannan tambaya a raina kwana biyu. Hujjar yarinyar ba ta banza ba ce. Masara ana auna ta da mudu, ɗinki ana ƙirga shi da riga, amma labari daga ina yake fitowa? Ni kaina na san wani abu mai kama da haka. Akwai daren da zan zauna shirya karatun da nake yi tsakanin magariba da isha, littafi a buɗe, fitila a kunne, amma yadda zan ɗauko zancen ya shiga kunnen mutane ya ƙi zuwa. Wata rana kuma ina kan babur zuwa Kasuwan Magani sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Buɗi na Allah ne, ba a yi masa dole. Idan haka ne, wanda ya yanka wa labari rana ya yi alƙawarin abin da ba ya hannunsa ke nan, kamar mai sayar da kifin da ke cikin kogi.

Abin da ya warware mini shi ne tarihin littattafan da muka karanta muna yara. Yawancinmu mun ɗauka irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce haka kawai suka sauko, wani malami ya zauna a inuwa shekara da shekaru har ilhama ta cika. Ba haka aka yi ba. A 1933 wani Bature, Rupert East, da ke riƙe da hukumar fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa, saboda makarantu ba su da abin karantawa da boko. Da ƙyar ma ya shawo kan wasu, don a ganinsu rubuta tatsuniya ba aikin malami ba ne. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Wato adabin zube na Hausa da wa'adi aka haife shi.

Na Magana Jari Ce ya fi ban mamaki. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam aro daga makarantar Midil ta Katsina inda yake koyarwa, aka kawo shi Zariya, yana ɗan shekara 25. Aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na Indiya. Cikin kimanin wata 6 ya rubuta littafi uku, waɗanda har yau, kusan shekara 90, jikokinmu na karantawa. Shin a wata shidan nan kullum da buɗi yake tashi? Ɗan Adam ne, dole akwai ranar da kansa ya toshe kamar na 'yar ƙanwata. Amma an ɗauke masa aji, an ba shi wurin zama, kuma ga East a kusa yana karɓar abin da ya rubuta, yana karantawa, suna gyarawa tare. Ba shi da inda zai ɓuya ya ce "ina nan ina tunani."

Ɗana da ke karatu a Zariya, da na ba shi wannan labari, sai ya ƙara mini da na wani marubucin Rasha, Dostoyefski. Shi bashi ne ya yi masa katutu, caca kuma ta ƙara masa. Ya sa hannu a takarda da wani mai buga littattafai cewa zai kawo sabon littafi kafin 1 ga Nuwamba 1866, in ya saɓa, mutumin zai riƙa buga duk abin da ya rubuta har shekara 9 ba tare da biyansa ko kwabo ba. Oktoba ta kama bai rubuta komai ba. Sai aka samo masa wata yarinya mai suna Anna da ta iya rubutun gaggawa, kullum ta zo gidansa, yana faɗa tana rubutawa, ta koma gida ta kwafe, gobe ta dawo da shafukan a ƙirge. Cikin kwana 26 littafi ya kammala, kuma labarin ɗan caca ne, abin da ya fi sani. Daga baya ma ya aure ta, amma wannan ba ya cikin fatawa.

Ku duba mutanen nan biyu. Wa'adi kaɗai bai sa Dostoyefski ya rubuta ba, ai wata da watanni yana sane da ranar, yana kallonta tana matsowa. Abin da ya canza shi ne mutum ya fara zuwa kullum yana zama a gabansa. Kunyar idon mutum ta yi abin da tsoron takarda ya kasa yi.

Mu kuwa ai mun fi kowa sanin wannan, sai dai ba mu kai shi wajen rubutu ba. Me ya sa matar da ba ta iya ajiye N200 a gida ta kwana, take iya zubin adashi shekara guda ba fashi? Saboda uwar adashi za ta aiko yarinya da yamma, kuma sauran mata za su ji in ba ta zuba ba. Me ya sa limamin da zai sauke Alƙur'ani a asham yake saukewa? Izu 60 ne, an raba izu biyu kowane dare, kuma jama'a na bayansa, duk wanda ya fashi dare ɗaya an sani. Da za a ce masa "ka sauke kafin sallah, a ɗakinka, yadda ka ga dama," da yawa sai daren 27 za su fara kuka.

Da na koma wajen yarinyar sai na canza tambaya. Ban ce mata me ya sa labari ya tsaya ba. Na ce, "A wata biyun nan, kwana nawa kika zauna, kika ajiye komai, kika riƙe waya don rubutu kaɗai, ko da awa ɗaya?" Ta yi shiru. Ta ƙirga da yatsu. Ba su kai 15 ba. Ta ce lokacin da take sakin na kyauta kullum take rubutawa, don tana son a san ta. Da kuɗi suka shigo hannu sai zafin ya ragu. Wannan kuwa duk ɗan kasuwa ya san shi: aikin da aka riga aka ci kuɗinsa ya fi kowane aiki nauyi a jiki.

Na ce mata to ga inda zunubin yake, in akwai shi. Ba a toshewar kai ba, wannan ba ki da iko a kai. A kwana 45 ɗin da ba ki zauna ba ne. Manomin citta ya je gona kullum. Buɗi ba naki ba ne, amma zama naki ne, kuma wanda bai zauna ba ba shi da bakin cewa an hana shi buɗi.

A nan zan ɗan ratse, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ta ce mini ai lokacin da ta yi alƙawarin ta ce "in sha Allahu." Jama'a, mu ji tsoron Allah game da wannan kalma. An umarce mu da ita a Suratul Kahfi don mu tuna gobe ba a hannunmu take ba, bayan mun ƙudurta yin abin da gaske. Mu kuma mun mayar da ita ƙofar baya. Har ta kai maƙwabtanmu da ba Musulmi ba, in ka ce musu "in sha Allahu gobe zan biya ka," sai su ce a'a, Alhaji, faɗi gaskiya dai. Mu da kakanninmu suka zo wannan ƙasa da fatauci, ba mu da wani jari a nan da ya wuce a yarda da maganarmu. Ranar da sunan Allah a bakinmu ya zama alamar ba za a cika ba, mun yi asarar da ta fi ta citta.

Sai ta kawo shawarar da na san za ta kawo. Ta ce, "To Kawu, bari in yi ta maza, in haɗa ƙarshen cikin kwana bakwai. In sa kishiyar uwar ta yi hatsarin mota ta mutu, marainiyar ta auri mai kuɗi, shi ke nan na cika alƙawari."

Wannan ita ce gaɓar da ta fi ba ni wahala, don a zahiri ta fi kama da cika alƙawari. Rana ba ta wuce ba, kaya sun iso. Amma wane kaya? Masu karatun littattafan Kano na shekarun 1990 sun san wannan ciwo: littafi na ɗaya ya yi daɗi, na biyu ya yi daɗi, ka yi wata da watanni kana zarya wajen mai sayarwa, in na ƙarshe ya fito sai ka ga an tattara komai a shafi goma kamar ana korar marubucin. A kasuwa sunan wannan algus. Buhu ya cika, an ɗinke baki, masara mai kyau a sama, ƙasa kuwa dusa da tsakuwa. Matan nan ba "ƙarshe" kawai suka biya ba, sun biya ƙarshen da ya yi daidai da farkon da suka ɗanɗana, shi ne samfurin da aka nuna musu.

Amana biyu ce a wuyanta, ta lokaci da ta inganci, kuma ta kai inda ba za ta iya sauke duka biyun ba. Wacce za a saki? Ra'ayina, kuma a kansa na tsaya: lokaci haƙƙin masu saye ne, suna iya yafe shi in an roƙe su, don a fili yake, kowa ya san ranar. Algus kuwa ba a iya yafe shi, saboda wanda aka yi wa bai san an yi masa ba. Jinkirin da aka sanar ya fi cikawar da aka cuɗa da ha'inci. Amma da sharaɗi: a sanar kafin ranar ta zo, ba bayan ta wuce ba. Wanda ya zo maka ana saura sati ya ce "ba zan iya ba, ga halin da nake ciki," ya bar maka zaɓi. Wanda ya kashe waya ranar, ya ɓullo bayan sati uku da labarin rashin lafiya, ya ƙwace maka zaɓin, ko da rashin lafiyar gaskiya ce.

Abin da muka yi ke nan. A gabana ta rubuta musu saƙo, na hana ta sa ko kalma ɗaya ta uzurin da ba shi ne ba. Ta ce ta yi sakaci, labarin ba zai ƙare kafin azumi ba, ba kuma za ta lalata shi don sauri ba. Ta sa sabuwar rana, ƙarshen Shawwal, bayan mun zauna mun ƙirga shafin da ya rage da abin da take iya rubutawa a yini in ga girki ga yara, muka kuma ƙara sati guda saboda halin rayuwa. Ta ce duk mai son kuɗinta ta yi magana, za a mayar mata cikin kwana uku. Mijinta ya yarda zai ranta mata abin da za a mayar, ta biya shi da ɗinki.

Mata 11 suka karɓi kuɗinsu. Biyu sun yi mata maganganu masu zafi, na ce ta haɗiye, suna da gaskiya. Sauran suka ce za su jira.

Sannan muka naɗa mata uwar adashi. Gwaggonta, matata ke nan, ba ta damu da littattafan labari ba sam, kuma shi ya sa na zaɓe ta, don ba za a saye ta da daɗin zance ba. Bayan sallah, kullum in an idar da isha, yarinyar za ta turo mata abin da ta rubuta a ranar. Ba ta gyara komai, ba ta yabo. In shafi uku ne ta ce "na gani." In ba a turo ba, da safe ta aika yaro ya tambaya ko lafiya. Sau huɗu aka aika yaron. Labarin ya ƙare ana saura kwana biyu Shawwal ya fita, kishiyar uwar kuma ba ta yi hatsarin mota ba, tsufa ne ya kama ta a hannun marainiyar da ta wulaƙanta.

Ranar da ta zo yi mini godiya, matata na gefe tana tankaɗe. Sai ta ɗago ta ce, "Malam, shi kuma ɗan littafin hukuncin ciniki da ka ce wa 'yan kwamitin Islamiyya za ka rubuta wa ɗalibai da Hausa, shekara nawa yanzu?" Na ce ai ni ban karɓi kuɗin kowa ba. Ta ce, "Amma sun fasa sayen wani saboda kai."

Shekara 4 ke nan. Shafi 12 na rubuta, suna cikin akwati ƙarƙashin rasiɗan taki. Na fito da su ranar Asabar, na kuma gaya wa ladan cewa duk daren Alhamis bayan isha ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, kafin in sa takalmi, in nuna masa shafi biyu.